In an yi rashi a gidan da akwai mai otizim: yadda za a raka shi tun daga labarin mutuwa har bayan makoki

Abin da aka saba yi a gidajenmu na Katolika nan Yamai in an yi rasuwa kuma akwai yaro ko babba mai otizim, lalurar da ke shafar magana da cuɗanya da mutane, wadda wasu ke ce ma galahanga, shi ne a tattara shi a kai gidan maƙwabta ko wajen wata tanti can Harobanda, a ce "ai bai san komi ba, kar ya dami mutane". Sai an watse a maido shi, ya tarar ɗakin kaka a kulle, kujerarta babu, mai dama masa koko da safe ta ɓace, kuma ba wanda ya ce masa uffan. To ya sani fa. Mutumin da ke gane an gusar da kofinsa daga inda ya saba ajiyewa, shi ne ba zai gane mutum sukutum ya ɓace daga gida ba? Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta taɓa ƙiyasta kamar yaro 1 cikin 100 na da otizim, kenan in kin duba majami'ar Garbado ko ta Banifandu ranar Lahadi akwai su, ko dai suna kan benci ko an baro su gida. Zan riƙa cewa "yaro" da "kaka" don sauƙin magana, amma ƴa mace ce ko magidanci ne, uba ne ya rasu ko ƙane, hanyar kusan ɗaya ce.

Na farko, a faɗa masa, kuma da kalmar da ba ta da kwana-kwana

Nan ne aikin ya fi wuya don bakinmu bai saba ba. Mu kan ce ta riga mu gidan gaskiya, ta kwanta dama, ta huta, ta yi tafiya, Allah ya karɓi abinsa. Masu otizim da yawa yadda aka faɗi magana haka suke ɗaukarta. Ka ce ta yi tafiya, zai tsaya bakin ƙofa kullum yana jiran kabu-kabun da zai sauke ta. Ka ce ta yi barci, sai barci ya zama abin tsoro, ya ƙi rufe ido ko ya riƙa tashin uwarsa tsakar dare don ya ga ko za ta farka. Ka ce tana sama, duk jirgin da ya tashi daga filin Diori Hamani sai ya ɗaga kai. Wadda ta fi muni ita ce "Allah ya ɗauke ta don mutuniyar kirki ce", yaro ya zauna yana lissafin ashe kirki ke jawo a ɗauke mutum.

Duk wanda ya ce maka kalmar mutuwa ta yi kaushi, buɗe masa Yohanna sura 11. Yesu ya ce wa almajiransa Li'azaru ya yi barci, su kuwa suka ɗauka barcin gaske ne har suna cewa ai zai warke, sai a aya ta 14 ya fito fili ya ce musu Li'azaru ya mutu. A aya ta 35 kuma ya yi kuka gaban jama'a.

Wanda yaron ya fi sabo da shi ne zai faɗa, a ɗakin da ya sani, ba rediyo ba ƴan kallo, ba a tsakiyar kururuwa ba. Gajerun maganganu: "Kaka ta mutu. Jikinta ya daina aiki. Ba ta numfashi, ba ta cin abinci, ba ta jin zafi. Ba za ta dawo gidan nan ba." Sai a yi shiru a ba shi lokaci, ko da ya tashi ya koma wasansa ko ya yi dariya ko ya ce yana son shinkafa. Ba rashin imani ba ne, saƙon na kan hanya. In bai magana, a faɗa masa duk da haka, da hoton kakar a hannu, don rashin magana ba rashin ji ba ne.

Dalilin mutuwar ma a bambanta shi. Kar a tsaya ga "ba ta da lafiya ne", in ba haka ba ranar da masassara ta kama shi zai zaci tasa ta zo. A ce ciwon zuciya ne mai tsanani na tsofaffi, likitoci sun yi iya yinsu, ba irin zazzaɓin da yake yi a damina ba ne. A ƙara da cewa ba laifinsa ba ne, ko bai tambaya ba, don wasu na haɗa abin da ranar da suka yi mata ihu ko suka fasa mata kwano. In ya ce "ke ma za ki mutu?" kar ki ce a'a. Ki ce "E, kowa zai mutu wata rana, amma yanzu lafiyata lau, kuma in ba na nan Kawu ne zai kula da kai," ki faɗi sunan mutum na gaske wanda aka riga aka yi magana da shi.

Sai maganar bangaskiya, ita ma a bi ta sannu. Mun yarda jiki na komawa ƙasa, rai na zuwa gaban Allah, kuma akwai tashin matattu a ranar ƙarshe. Amma yaron da ya haddace a katesis cewa Yesu ya tashi a rana ta 3 zai iya ƙirga kwana 3 ya je ɗakin kaka yana jira. A ce masa a fili tashin nan ba wannan satin ba ne, ba bana ba ne, Allah kaɗai ya san ranar. Furgatori kuwa, in ya tambaya, a ce Allah na tsarkake wanda ya mutu kafin ya shigar da shi wurinsa, mu kuma muna taya shi da addu'a. Zancen wuta da azaba a bar shi, ba ranarsa ba ce.

Kwanakin jira

Maƙwabtanmu Musulmi kan binne a yini ɗaya, yaron ma ƙila abin da ya saba gani a unguwa kenan. Mu kuwa sau da yawa gawa na kwana da kwanaki a ɗakin ajiya na asibiti ana jiran dangi daga Dogon Dutsi, Maradi, Kotonu ko Lome, wani lokaci kuma kalandar Ikilisiya ce ke jinkirtawa, don ba a yin Mes na jana'iza ranar Alhamis Mai Tsarki zuwa Ista, haka ma Lahadin Adban, makonnin shirin Kirsimeti, da na Azumi da na lokacin Ista. Kwanakin nan su suka fi gigita mai otizim, fiye da ranar bizo ɗin kanta, gida cike da baƙi, an kafa bash a titi, an kwashe masa katifa an ba wata gwaggo, abinci ya canja.

A ware mutum ɗaya da ba shi da wani aiki sai shi. Ba uwar da aka yi wa rashi ba, ita ma a sama take. Yaya, ko ƙanwar uba, ko wata daga CCB, ƙaramar ƙungiyar Kiristocin unguwa, da ya saba da fuskarta. Aikinta: lokacin cinsa da wankansa da barcinsa kar su motsa, abincin da ya yarda da shi a dafa masa dabam ko da tukunyar makoki ta cika, in yana shan maganin farfaɗiya, don da yawansu na haɗawa da ita, kar a tsallake ko sau ɗaya. In yana zuwa lakkol ya ci gaba da zuwa, a dai sanar da malaminsa. A bar masa ɗaki ɗaya ko lungu ɗaya da baƙo ba ya shiga. Ƙofar gida kuma a sa mata ido, don a buɗe take wuni ranakun makoki, wasunsu kan fice ba su waiwaye ba, ga titi ga kogi. A rubuta lambar waya a takarda a sa masa a aljihu.

Ku je ku ga Fada tun kafin ranar

Kar a ji nauyi. A samu Monper, wato Fada, ko katekis a ce akwai mai otizim cikin iyalin, zai iya yin ƙara, zai iya tashi ya yi ta zagaye, muna son benci na gefe kusa da ƙofa nesa da sono da gangunan koral. A roƙi a ja kunnen masu tsaron oda kar wani ya daka masa tsawa ko ya fizge shi. Ni ban ga dalilin da za a yi ta ba da haƙuri kamar an zo roƙon alfarma ba, wanda aka yi wa baftisma ɗan gida ne, jana'izar kakarsa ce. Paparoma Fransis kansa a Nuwamban 2014 ya tara masu otizim da iyalansu a Batikan ya yi kira da a daina ware su da ƙyamarsu.

In da hali a kai shi majami'ar lokacin da ba kowa, da hantsi ranar aiki. Ya ga bencin da zai zauna, ya ga inda za a ajiye akwatin, ya taɓa ruwa mai tsarki, ya san ina makewayi yake, ya san ƙofar fita. A ɗauki hotuna da waya: gida, mota, ƙofar majami'a, benci, maƙabarta, gida kuma. Hoton ƙarshen nan na dawowa gida kar a manta da shi, shi ne ke gaya masa abin na da iyaka. A riƙa nuna masa su a jere safe da yamma ana faɗin abu ɗaya da kalmomi ɗaya. In bai taɓa ganin akwatin gawa ba, ɗan guntun bidiyon jana'izar Paparoma Fransis ta 26 ga Afrilun 2025 na nuna akwati da turare da yayyafa ruwa, a kashe sautin, a ce masa namu ƙarami ne ba taron duniya ba.

Maganar anko. An san mu da fitar da zanen makoki kowa ya ɗinka, to sabuwar atamfa mai kauri da ɗinkin tela na gaggawa kan soki fatar wasu kamar ƙaya. A wanke ta sau biyu ta yi laushi, ya gwada kafin ranar, in ya ƙi a bar shi da tsohuwar rigarsa mai tsabta, a ɗaura masa ɗan ƙyallen zanen a hannu in ya yarda. Jaka kuma a haɗa ta tun dare: ruwan sanyi, abin taunawar da ya saba, kaskin toshe kunne ko auduga, abin da yake jujjuyawa a hannu, wandon canji, waya da caji cike don kuran ba shi da alkawari.

Daren kwanan zaune

Jana'izar Katolika hawa uku ce, addu'ar dare, Mes, sai bakin kabari. Ba dole ya yi duka ba. Daren ne ya fi hayaniya, sono, koral, koke-koke, fitilu, har tsakar dare. Ni shawarata a kawo shi farkon farawa lokacin rosari, don maimaita "A gaishe ki Maryamu" sau goma-goma da ƙwayoyi a hannu abu ne da ke kwantar wa da yawansu hankali, sun san mi ke zuwa bayan mi. Kafin a saki ganguna a maida shi ya kwanta a lokacin da ya saba, in gidan ya yi ƙara ya kwana inda ya sani, amma da saninsa cewa gobe za a zo a ɗauke shi.

Ganin gawa zaɓinsa ne. Kar a tura shi, kar a hana shi. A faɗa masa tukuna abin da zai gani: tana kwance, idonta rufe, ba za ta motsa ba, ba za ta amsa ba, jikinta da sanyi, fuskar ta ɗan canja. In ya ce a'a, shikenan. In ya tsaya daga nesa ya leƙa, ya isa. Kar kowa ya kama hannunsa ya ɗora kan gawa, ko ya ce sai ya sumbace ta. Wasu kuma za su so taɓawa su yi ta tambaya, mi ya sa ta yi sanyi, wa ya sa mata auduga a hanci, a amsa a taƙaice da gaskiya.

Cikin Mes

A jera masa abubuwan da za su faru don kar su zo masa ba zato. Fada zai tarbi akwatin ya yayyafa ruwa mai tsarki, tunin baftismarta ne. Babban kyandir na Ista na ci kusa da akwatin. Rigar Fada galibi shunayya ce irin ta Azumi, ko fara. Za a yi karatu, wa'azi, baiko, za a kaɗa ƙararrawa lokacin tsarkake gurasa, wannan ƙarar a sanar da shi kafin ta zo ya sa kaskinsa. Wajen gaisuwar salama mutane za su miƙo hannu, mai rakiyarsa ta karɓa a madadinsa in ba ya son taɓi. Can ƙarshe Fada zai zagaya akwatin da turare, hayaƙin kan yi yawa kuma nan ne kuka ke ɓarkewa, to in akwai inda za a fita shan iska nan ne.

Ku shirya alamar "ina son fita" tun daga gida, ko kati, ko jan hannun riga sau biyu, kuma da ya yi ta a tashi nan take ba "ɗan jira kaɗan". In ya san ƙofa a buɗe take gare shi ya fi daɗewa a zaune. Kaɗa jiki, karkaɗa hannu, gunguni, duk hanyarsa ce ta riƙe kansa, a ƙyale shi. In abin ya fi ƙarfinsa ya faɗi yana ihu, ba taurin kai ba ne, ba duka ba tsawa ba taron mutane a kansa, a kai shi inuwa ko cikin mota, a rage magana, a jira.

Kominyo, in ya riga ya fara karɓa, ya karɓa. In laushin gurasar na ba shi wahala a roƙi Fada tun farko ya gutsura masa ƙarami, in layi ne matsalar a roƙa a kawo masa benci. Wani aiki ƙarami ma kan taimaka, riƙe hoton kaka, ko kai fure, amma wanda in ya fasa a ranar ba abin da zai lalace.

Bakin kabari

Rana ce, ƙura ce, ramuka a buɗe, a watan Afrilu ko Mayu zafin kan wuce digiri 40. A riƙe shi kusa, hula da ruwa. Abin da ya fi tayar musu da hankali shi ne ganin an sa kaka a rami ana zuba ƙasa, da ƙarar ƙasar a kan katako. A maimaita masa tun a mota: jikinta ne kawai a ciki, ba ta numfashi, ba ta jin zafi, ba ta tsoron duhu. In yana so ya jefa ƙasa hannu ɗaya ko ya yayyafa ruwa mai tsarki. In ba zai iya ba ya zauna a mota, bayan sati a dawo da shi shi kaɗai da mutum ɗaya a nuna masa wurin da sunan a kan gicciye.

Masu zuwa gaisuwa kuma, "ya haƙuri", "sannu da rashi", "fonda tilas", kowa na son ya shafa kansa. A koya masa amsa ɗaya, "na gode", in zai iya. In bai amsa ba, bai kalli ido ba, mai rakiyarsa ta ce "Baba ku yi haƙuri, haka yake gaisuwa, ya ji ku." Ya wadatar.

Bayan an kwashe kujeru

Nan ne akan manta da shi, nan kuma nasa makokin ke farawa. Wani sai bayan wata biyu ko shida zai fara fitsarin kwance, ya daina ci, ya daina kalmomin da ya iya, ya riƙa buga kai, ko ya yi ta maimaita maganar kaka da muryarta sak. Wannan na ƙarshen ne ke sa mutanenmu cewa mamaciyar ta hau shi ko iska ce, a kwashe shi zuwa wajen masu addu'ar ihu ko boka. Maimaita maganar da aka ji halin otizim ne tun fil azal, kewa ce ke fita ta nan. A Katolika ma ba kowa ke korar aljanu ba, dokar Ikilisiya ta 1172 ta ce sai firist da Bishop ya ba izini, Katekizim kuma a lamba 1673 ya ce a fara tabbatarwa ba ciwo ba ne. Albarkar Fada cikin natsuwa ba laifi. Amma kafin a ce duk baƙin ciki ne a duba haƙori, kunne, ciki, a yi gwajin masassara, don wanda ba ya magana da halinsa yake cewa ina jin ciwo. In yana ji wa kansa rauni, ko ya rame, ko babba ne ya fara zancen bin ta, a kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibiti a ranar, ba sai an ga yadda za ta kaya ba.

Tambaya ɗaya zai iya yin ta sau talatin a yini, "Kaka fa?" A ba shi amsa ɗaya kullum, kuma duk gidan su yi baki ɗaya, kar Inna ta ce ta mutu Kawu ya ce ta tafi ƙauye. Kayanta kar a rabe su dare ɗaya, a bar masa zane ɗaya mai ƙamshinta ko rosarinta. Abin da take yi masa a ce wane ne zai gaje shi, da suna, koko wajen Gwaggo, rakiyar lakkol wajen Yaya.

Babba mai magana kuwa a tambaye shi kai tsaye mi yake so, a sa shi cikin shawarar iyali, kar a yanke inda zai koma da zama a bayan idonsa, rabonsa na gado kuma a rubuta shi gaban shaidu. In bai yi hawaye ba ya kama lissafin kuɗin bash da kujeru, a bar masa littafin, zai fi kowa riƙe shi daidai.

Addu'a a yi ta gajere a lokaci ɗaya kullum, gaban hoto da kyandir in wuta ba ta ba shi tsoro: "Ya Ubangiji ka karɓi Kaka wurinka. Amin." Mes na kwana 8 ko na 40 ko na shekara da iyalai kan nema, a sa su a kalandar bango ya riƙa gani suna matsowa, haka ma 2 ga Nuwamba ranar tunawa da dukan matattu masu bi. Ranar maƙabarta kan cika, ku ku je da sassafe ko washegari, ku tafi da tsintsiya da bidon ruwa, a ba shi sharar gefen kabarin.